Injinmu

A layinmu babu mai duba agogo da safe, injin Mai Niƙa ne agogonmu. In ya yi tari sau biyu ya kama ruri, duk wanda bai fita aiki ba ya san ya makara, yara kuma su hau neman takalman makaranta. Shi ya sa ranar da injin bai tashi ba, layin ya yi tsit kamar gidan da aka yi rashi. Mata suka yi cirko-cirko a ƙofar rumfa da kwanukan masara da bokitan wake, suna kallon sabon kwaɗo rataye a ƙyaure. Ba a jima ba labari ya fito, wai Bakanike ya saki matarsa, Mai Niƙa.

Ba sakin ne ya sa na zauna rubuta wannan ba. Aure yana mutuwa kullum, wani ma mutuwarsa hutu ce. Abin da aka yi wa matar nan bayan sakin shi ne ya tsaya mini a rai, don da rana tsaka aka yi shi, a gaban dattawa, kuma abin takaicin, kusan babu wanda ya yi ƙarya.

Kalma ɗaya ce ta jawo komai. Bakanike, wanda garejinsa ya daɗe da zama wurin hira da barcin rana, ya ce zai kwance injin ya kai bakin kasuwa inda aka fi ciniki, yayarsa ta riƙa kula da shi. Mai Niƙa tana tsince tsakuwa daga cikin hatsi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Injina ba inda za shi," in ji ta.

"Injin wa?"

"Injina."

Shekara goma da 'yan kai suna tare, bai taɓa jin wannan kalmar daga bakinta ba. Kullum "injinmu" take cewa. Kafin rana ta faɗi ya ce ta tafi gidansu.

Injin kuwa nata ne, wannan ko jaririn layin ya sani. Mahaifinta mai niƙa ne, da ya rasu shi ne rabonta, kuma da shi take ci da kanta tun kafin ta san akwai wani Bakanike a duniya. A kan amalanke aka kawo shi gidan mijin, aka kafa masa rumfa a jikin katanga.

Sai dai inji yana tsufa. Yau bel ya tsinke, gobe haƙoran da ke niƙan sun cinye, jibi tanki yana yoyo. Duk abin da ya lalace, sai ta buɗe gwangwanin da take tara ciniki, ta damƙa wa mijin kuɗi a ɗaki, ya je ya sayo sabo ya ɗaura. Da safe mata na layi, sai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kun ji yadda injinmu ke tafiya yau? Maigidan ne ya sayo mini sababbin haƙora. Allah dai ya ƙara masa buɗi."

Ta san abin da mata ke faɗa a bayan idonta, wai ita ke ciyar da shi. Ba ta son a ce mijinta ba shi da kataɓus, sai take saka masa rigar mutunci da bakinta. Shi kuma tsofaffin kayan da ya cire ba ya zubarwa, cikin wani buhu yake jefawa a bayan rumfa, yana cewa ƙarfe ba ya rasa rana.

Da ta ɗan huce a gidan kawunta, sai ta kira mai amalanke suka koma kwasar kaya. Ta tarar da Bakanike zaune a kan benci yana goge sifana da tsumma, yayarsa kuma tana tsakar gida ta riga ta ɗaure zani kamar mai gidan. An fito mata da akwatunanta, da katifa, da tukwane, har da tsintsiya. Aka loda, sannan ta miƙa hannu.

"Ba ni makullin rumfa."

"Me kika bari a ciki?"

"Injin mana."

Ya ɗago ya dube ta kamar wadda ta yi masa wani yare. "Wane injin?"

Ta ɗauka wasa ne, har ta ɗan yi murmushi. Da ta ga fuskarsa babu alamar wasa sai ta sha jinin jikinta.

"Injin Baba da na zo da shi. Kai ma ka kama aka sauke shi."

"Oh, wancan." Ya ci gaba da goge sifana. "Wancan ai ya daɗe da mutuwa. Wanda ke cikin rumfar nan ni na haɗa shi da hannuna, ƙarfe bayan ƙarfe. Ki nuna mini abu ɗaya a jikinsa da ba ni na ɗaura ba."

"Da kuɗin wa?"

"Ki tambayi matan layi da kuɗin wa."

Yayarsa ta tafa hannu ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Yarinya, ki ji tsoron Allah mana. Ni da kunnena na sha jin kina cewa ƙanina ya saya miki kaza, ya saya miki kaza. Yau kuma don an rabu sai alheri ya zama abin mantuwa?"

"Yaya, kin san yadda maganar take."

"Abin da kika faɗa shi na sani. Ko ƙarya kike yi wa mutane shekara da shekaru?"

Mai Niƙa ta juya ta dubi kwaɗon rumfar. Mai amalanke ya ga abin ba nasa ba ne, ya ce rana tana yi. Haka ta bi bayan kayanta tana waiwayen rumfar har suka sha kwana.

Kawu mutum ne mai son zaman lafiya, irin son da ke sa a taka ƙafarsa shi ya ba da haƙuri. Ya saurare ta yana gyaɗa kai, yana cewa kai, kai, kai. Da ta gama ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, 'yata. Zafin rai ne. In ya huce da kansa zai aiko miki."

Bai aiko ba. Abin da ya iso shi ne ƙarar injin. Gidan Kawu layi biyu ne kacal a baya, kuma mako bai cika ba, wata safiya ta ji tari sau biyu, sai ruri. Tana zaune a ɗan siton da aka share mata, tsakanin buhunan gawayi da wani mataccen firji. Ta miƙe zumbur tana laluben ɗankwali kafin ta tuna injin ya bar hannunta. Ta koma ta zauna. Kunnenta na hagu ya daɗe da toshewa saboda ƙarar injin, sai ta kwanta a kan na dama don kada ta ji, amma tana jin rurin a ƙasa ta cikin tabarma.

Wanda ya saba tashi da aiki, zaman banza ciwo ne gare shi. Ta wanke duk abin wankewa a gidan Kawu, ta share inda aka riga aka share. Matar Kawu ta karɓe ta hannu bibbiyu da farko, daga baya sai gaisuwa ta fara gajarta. In an zo raba abinci sai ta yi magana da tukunya.

"Oh ni, wannan tukunyar da can tana kai mu dare. Ban san me ya same ta ba."

Mai Niƙa takan ce ta ƙoshi. A da ita ce mai aiko wa gidan nan da gari da ɗan abin cefane duk ƙarshen mako, yanzu sabulun wanka ma sai ta jira a manta da guntu a banɗaki.

Ta tafi wurin matar tela, ƙawarta da suke katanga ɗaya a da, wadda ta sha ganin gwangwanin nan ana buɗe shi. Matar tela ta jawo ta ɗaki ta saki labule, ta kawo ruwa, har da 'yar ƙwalla.

"Wallahi an cuce ki. Duk layin nan an san an cuce ki."

"To ki zo ki faɗa a gaban mutane."

Matar tela ta hau gyaran zanen gado da ba abin da ya same shi. "Ki gane, ƙawata. Ke kin tashi, ni ina nan. Ƙofarmu na kallon tasu. In kekenmu ya tsaya shi ke dubawa, ba ya karɓar ko kwabo. Kuma in aka ce in rantse, me zan ce? Na ga kina buɗe gwangwani, amma ban bi shi kasuwa ba. Abin da na ji da kunnena kuwa, ke kika faɗa."

"Don in rufa masa asiri na faɗa."

"Na sani. To ai ya rufu."

Ta bi gida-gida wurin matan da ta sha yi wa niƙa kyauta ranar da ba su da shi. Wata ta ce mijinta ya hana ta shiga maganar mutane. Wata ta ce in ta yi shaida a ina za ta riƙa niƙa, sai ta hau mota? Wata tsohuwa ta riƙe hannunta ta ce ta bar wa Allah, ƙarfe ne, ba rai ba.

A hanyar komawa ne ta tuna da mazurarin. Babban mazurarin da ake zuba hatsi a saman injin, shi kaɗai ne ba a taɓa canzawa ba. Mahaifinta ya sa aka ƙera shi da kauri, kuma a gefensa akwai lotsawa inda ya taɓa faɗuwa daga mota, da wata walda mai kama da ƙugiya da tsohon ya yi da kansa. Tana yarinya a wannan lotsawar take dafawa in ta hau kujera tana tura hatsi. Ta shiga gida da sauri har tana tuntuɓe.

"Kawu, akwai shaida! Mazurarin Baba yana nan a kai. Kai ma ka san shi."

Kawu ya washe baki. "Mai ƙugiyar nan? Na san shi sarai. To ai magana ta ƙare."

"A tara mutane, a buɗe rumfar a gabansu. Amma don Allah kada ka faɗa wa kowa kafin ranar."

"Haba, sai ka ce yaro."

Ranar ta ci abinci har ta nemi ƙari, matar Kawu na kallonta.

Kawu ya je ya sami mai gidan da su Bakanike ke haya, dattijon da ake kai wa ƙarar rigingimun layi, aka sa rana. A hanyar dawowa ya bi ta gareji. A nasa tunanin, in mutum ya san an kama shi zai ji kunya ya ba da kaya salin-alin, ba sai an yi tonon silili ba. Ya zauna a benci, aka gaisa, aka taɓa hirar tsadar mai, sannan ya rage murya.

"Ɗana, ni shawara zan ba ka. Mazurarin nan kowa ya san na marigayi ne. Kada ka bari a kunyata ka a gaban manya."

Bakanike ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Kawu. Wallahi ka yi mini gata."

Kawu ya dawo gida yana jin ya yi aikin lada, bai ce mata komai ba. Washegari da la'asar matan layi suka ji ana buga guduma a rumfa, warin fenti ya cika iska.

Ranar zaman aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Bakanike. Mai gidan haya ya zauna a kujera, dattawa biyu a gefensa, Kawu yana kusa da su. Aka nuna wa Mai Niƙa wuri a gefe, ta yadda duk masu maganar suna ɓangaren kunnenta da ya toshe, sai ta riƙa karkata kai kamar kaza tana cewa, "Na'am?" Mata sun cika bakin ƙofa, matar tela tana can baya ta ja mayafi har hanci.

Bakanike ya yi wanka ya sa fararen kaya. Ya yi magana a hankali, cikin ladabi.

"Baba, ni ban taɓa musun ta zo da inji ba. Allah ya kiyaye in ci haƙƙin marainiya. Abin da ta zo da shi yana nan, na adana mata, ko noti ban yar ba."

Ya tashi ya zagaya bayan rumfa, ya jawo buhun nan yana nishi, ya zazzage a gaban dattawa. Ƙarafa suka zube da ƙara, tsatsa ta tashi. Ya durƙusa yana jera su ɗaya bayan ɗaya kamar mai talla.

"Ga haƙoran da ta zo da su. Ga tankinta. Ga bel, ga fistin, ga ƙafafun da yake tsaye a kai, su ma tsatsa ta cinye na sake wasu. A tambaye ta, akwai wanda ba nata ba a nan?"

Mai gidan haya ya juyo. "'Yata, kin ji. Waɗannan naki ne?"

"Na'am?"

"Na ce kayan nan naki ne?"

Ta dube su. Ta san kowanne, ta san shekarar da ya mutu da abin da ta hana kanta don a maye gurbinsa. "Nawa ne, Baba. Amma sababbin ma da kuɗin injin aka saya. Ni na ba shi."

"Wa ya gani?"

"A ɗaki nake ba shi."

"To wa ya ji?"

Yayar Bakanike ta yi caraf. "Baba, ga mata nan a ƙofa. A tambaye su abin da suka ji."

Aka tambaya. Suka yi ta kallon juna, can wata ta ce ita dai ta sha jin ana cewa maigida ya sayo. Wata ta ce haka ne. Matar tela ma ta gyaɗa kai da aka kira ta.

Mai Niƙa ta miƙe tsaye. "A buɗe rumfar. Mazurarin ubana yana kan injin, da lotsawarsa da waldar da ya yi da hannunsa. Kawu ya san shi. In babu shi, na yafe."

Bakanike ya ciro makulli ba musu, ya buɗe ƙyauren ya ja baya. Injin yana tsaye an shafe shi da shuɗin fenti tun daga sama har ƙasa. A kansa akwai sabon mazurari na farin ƙarfe, sumul, ko ƙwarzane babu.

"Au, na manta," in ji shi. Ya miƙa hannu bayan ƙyaure ya ɗauko tsohon, ya kawo ya ɗora a kan tarin ƙarafan, lotsawar tana sama. "Shi ma ya fara zubar da hatsi, na canza. Ga shi, cikon kayanta."

Ta juya ta dubi Kawu. Kawu yana kallon yatsun ƙafarsa kamar yau ya fara ganinsu.

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi gyaran murya, da alama abin bai kwanta masa ba. "Amma fa, in ba don tsohon ba, da ina za a ɗaura sabon?"

"Gaskiya ne," in ji mai gidan haya, wanda kuɗin hayar rumfar yanzu daga hannun Bakanike yake fitowa. "Sai dai mu abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji muke bi. Yaron nan bai ɓoye komai ba. Wani ne da ya sayar da ƙarafan nan tuntuni. 'Yata, da bakinki kika ce in babu kin yafe. Ki ɗauki kayanki, ki yi haƙuri. Zaman tare ya wuce a ɓata shi a kan ƙarfe."

Aka shafa addu'a. Bakanike da kansa ya mayar da ƙarafan cikin buhu, ya ɗaure bakin, har ya biya mai amalanke. Mutane suka watse suna cewa ya yi halin girma.

A hanya ta ce wa Kawu kotu za ta. Ya tsaya cak.

"Kotu? A danginmu ba a taɓa kai kowa kotu ba, ba kuma za a fara daga gidana ba. So kike a ce 'yar wane ta tsaya gaban alƙali tana jayayya da namiji a kan inji? Wa zai sake kallonki da aure?"

"Kawu, kai ka faɗa masa."

"Don a rufa wa juna asiri na yi."

Ta yi wata irin dariya da ba daɗin ji.

Duk da haka ta je a ɓoye. Wani ofis ne a saman bene, inda aka ce ana taimakon mata kyauta. Wata lauya mai fara'a ta saurare ta har ƙarshe, ta ce a doka abin da mace ta zo da shi nata ne, babu tantama. Sannan ta tambaye ta ko akwai mutum biyu da za su tsaya mata, ko ɗaya ma. Mai Niƙa ta lissafa layin gida-gida a zuciyarta, daga bakin titi har ƙarshen kwata. Ta yi godiya ta sauko.

Sauran bege ɗaya ya rage mata, shi ma na wauta ne, kuma ta sani. Ta kai buhun wurin wani tsohon mai gyaran injuna a bayan kasuwa, ta ce ko za a iya tayar da shi. Tsohon ya zazzage, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ƙwanƙwasa wancan.

"Baiwar Allah, duk abin da ake bukata a inji akwai shi a nan, babu abin da ya ɓata. Sai dai kowanne ya riga ya mutu. Wa ya haɗa ki da wannan?"

"Gadona ne."

Ya dube ta, ya dubi ƙarafan, ya ce Allah ya jiƙan mai shi. Ya nuna mata rumfar masu sayen tsofaffin ƙarafa. Suka ɗora a sikeli, abin da suka ba ta ta sayi masara da shi ta kai wa matar Kawu. Mazurarin kaɗai ta hana a auna, ta dawo da shi sito ta kife a gefen tabarmarta.

Bayan kwana biyu matar Kawu ta jiƙa masarar, ta tsane ta, ta turo mata kwanon da ƙafa.

"Ga shi, a kai niƙa. Ƙafata na ciwo."

"A ina?"

"Ina kuwa? Inji nawa ne a unguwar? In kina da kuɗin mota ki kai kasuwa."

Ta ɗauki kwanon. Bakin kasuwar da aka kashe aure a kansa, har yau injin bai je ba, yana nan inda ta kafa shi. Ta ajiye kwanonta a ƙarshen layi, a bayan kwanuka bakwai, ta tsaya a rana inda ba ta taɓa tsayawa ba. Matan da suka san ta suka gaishe ta sama-sama, kowacce ta sami abin kallo a wani gefen. Yayar Bakanike tana kan kujerar da Mai Niƙa ta saba hawa, gari ya yi mata fari a gira, tana danna hatsi da sanda kamar mai faɗa da shi.

Wata baƙuwa da ta tare a layin kwanan nan ce a gabanta, mace mai son hira. Ta matso daidai kunnen Mai Niƙa na dama tana ɗaga murya saboda ƙara.

"Ke ma nan kike kawowa? Ni saboda mai injin nake zuwa. An ce mutumin kirki ne. Wai da suka rabu da matarsa, duk abin da ta zo da shi sai da ya tattara ya ba ta a gaban dattawa. Ko noti bai riƙe ba."

Mai Niƙa ta daɗe tana kallon shuɗin fentin.

"Haka ne," ta ce. "Ko noti."

"Kin gani! Irinsu sun yi ƙaranci. Ita kuwa an ce har kotu ta so kai shi."

Layi ya zo kanta. Yaya ta dubi kwanon, ta dubi fuskarta, ta miƙo tafin hannu.

"A fara biya. Injinmu ba sadaka yake yi ba."

Har yanzu ina jin mata a layin nan suna yabon mazajensu da abin da ba su yi ba, suna cewa namu a kan abin da su kaɗai suka sha wahalarsa, kuma in sun faɗa sai a ce masu tarbiyya ne. Ita ma an sha yabonta haka. Ranar da ta bukaci mutum ɗaya ya buɗe baki, duk masu yabon suka maimaita mata maganarta, kalma da kalma, suka koma gida da zuciya fes, don babu wanda ya yi mata ƙarya. Wannan ne ke ba ni haushi har yau.

Ranar ina tsaye a wurin, a gabana Mai Niƙa ta kwance bakin zaninta ta biya. Yaya ta juye masarar a sabon mazurari. Mai Niƙa ta kai hannu gefensa don ta dafa, inda lotsawar take a da, tafinta ya zame a kan ƙarfen. Leɓenta ya motsa, na ga abin da ta faɗa, kalmar nan ce guda ɗaya da ta jawo mata saki. Injin yana ruri, ko ita kanta ba ta ji ba.